Babi na Shida: Zaɓar wa Yaro Makaranta Idan Iyali Za Su Ƙaura Zuwa Wata Ƙasa

Darasi na 1: Ranar haihuwa

Ku buɗe sabon shafi a littafin rubutunku. A saman shafin ku rubuta sunan yaron kamar yadda yake a fasfo ɗinsa, harafi bayan harafi. Idan 'ya'ya uku za ku nema wa makaranta, kowa da shafinsa, kada a gwama su. A ƙarƙashin sunan ku rubuta ranar haihuwa. Kada ku rubuta ta da ka. Ku ɗauko takardar haihuwa, ku ajiye ta kusa da fasfo, ku duba ko sun yi daidai, sannan ku kwafa.

To, a nan ne za mu daɗe, domin a nan ne aka fi yin tuntuɓe. Ku dubi waɗannan lambobi: 04/09/2014. Mutumin Ingila zai karanta su 4 ga Satumba, domin shi rana yake farawa da ita. Mutumin Amurka kuwa zai karanta su 9 ga Afrilu, domin shi wata yake sa wa a gaba. Lambobin ba su canza ba, amma an samu kwanan wata biyu. Yawancin makarantun da ke bin tsarin Ingila suna raba yara aji-aji ne daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Agusta. Don haka yaron da aka haifa a Afrilun 2014 yana gaban wanda aka haifa a Satumban 2014 da aji guda cur. Kun ga ke nan juya lamba biyu zai iya kai ɗanku ajin da ba nasa ba.

Maganin abin ba wuya. Ku rubuta sunan watan da haruffa: 4 Satumba 2014. Idan fom ɗin mai akwatuna ne, ku dubi ƙananan haruffan da ke cikinsu ko a ƙarƙashinsu. DD na rana ne, MM na wata, YYYY na shekara. Ku sa yatsa a kan akwatin farko, ku karanta harafin da baki, sannan ku rubuta. Idan MM ne a farko, wata za a fara rubutawa. Idan DD ne, rana. Kada ku ji kunyar yin hakan a gaban ma'aikacin makaranta, masu digiri ma suna rikicewa a wannan wuri.

Gwaji: ku rubuta ranar haihuwar yaronku sau uku. Ta farko da sunan wata, ta biyu rana a gaba, ta uku wata a gaba. Ku ba na kusa da ku ya karanta muku. Madalla. Ku sake.

Darasi na 2: Wane aji zai shiga?

Makarantun da ake kira na ƙasa da ƙasa ba sunan aji ɗaya suke amfani da shi ba. Masu tsarin Ingila suna cewa Year, masu tsarin Amurka suna cewa Grade, kuma lambobinsu ba sa tafiya tare. Ɗan shekara 5 ne ke shiga Year 1, ɗan shekara 6 ne ke shiga Grade 1. Saboda haka Year 7 daidai yake da Grade 6, ajin ƙarshe kuma a tsarin Ingila Year 13 ne, a na Amurka Grade 12. Ku kwafi wannan a shafin yaron.

Idan kun rubuta wa makaranta wasiƙa, kada ku tsaya ga cewa "ɗana yana aji shida". Aji shida na wace ƙasa? Ku ba su ranar haihuwa, wata da haruffa, ku faɗi shekarun da ya yi yana karatu, su za su gaya muku ajinsa. Ku tambaya kuma yaushe shekarar karatunsu take farawa. A Turai da Amurka ana farawa ne a Agusta ko Satumba, a Afirka ta Kudu da Ostireliya a farkon shekara, wajen Janairu ko Fabrairu, a Japan kuma a Afrilu. Wasu makarantun suna bin kalandar ƙasar da suka ɗauko tsarinta, ba ta ƙasar da suke zaune ba, sai an tambaya ake sani.

Ina ganin har yanzu wasunku suna rubuta 04/09 su wuce. Haba jama'a! Me muka faɗa a darasin da ya gabata? Wata da haruffa. Wanda ya rubuta da lamba ya goge yanzu, ina jira.

Darasi na 3: Manhaja

Manhaja ita ce tsarin abin da ake koyarwa da jarrabawar da ake yi a ƙarshe. Huɗu za ku fi cin karo da su. Ta Ingila tana da jarrabawar IGCSE wajen shekara 16, da A Level wajen shekara 18. Ta Amurka tana ƙarewa da takardar shaidar gama sakandare. Ta Faransa ana koyar da ita da Faransanci. Sai IB, wato International Baccalaureate, wadda aka kafa a birnin Janeba na ƙasar Suwizalan a 1968, kuma tun asali an yi ta ne saboda yaran da iyayensu ke yawan sauya ƙasa. A matakinta na ƙarshe ɗalibi yana ɗaukar darussa 6 cikin shekara 2.

A ganina, sunan manhaja bai kai wannan tambaya muhimmanci ba: bayan wannan ƙaura, ina za ku nufa? Idan aiki zai sake ɗaga ku, ku zaɓi manhajar da za ku samu a can. Abu ɗaya kuma ku kiyaye. IGCSE da A Level da difilomar IB duk karatun shekara biyu ne a haɗe. Cire yaro a tsakiyarsu yakan sa ya maimaita shekara. Idan ɗanku ya kai 14 zuwa sama, ku lissafa da kyau, lissafin kuma daga ranar haihuwa yake farawa.

Ku tambayi makarantar wace hukuma ce ta tantance ta. Idan sun ambaci suna, misali CIS, wato Council of International Schools, ku rubuta, ku sa wanda ya iya intanet ya duba muku ko sunan makarantar yana shafin hukumar.

Darasi na 4: Kwana ko jeka-ka-dawo

Idan gidanku zai kasance kusa kuma yaron ƙarami ne, jeka-ka-dawo ta fi. Ku tambayi minti nawa motar makaranta take yi da safe. Makarantar kwana tana da amfani ga babban yaron da ke tsakiyar karatun jarrabawa, ko iyayen da ba sa zama wuri ɗaya. Akwai mai cikakken kwana, akwai wadda yaro ke dawowa gida ƙarshen mako.

Ku rubuta waɗannan tambayoyi ku tafi da su. Wane babba ne ke kwana kusa da yaran? Akwai ma'aikaciyar jinya da dare? Ana rufe ɗakin kwana a hutun rabin zango, kuma idan an rufe wa zai karɓi yaron? Makarantun kwana da yawa ba sa ɗaukar yaron da iyayensa ke wata ƙasa sai da sunan mai riƙo a kusa.

Darasi na 5: Kuɗi

Ku nemi takardar kuɗi a rubuce, dukanta: kuɗin fom, kafin alƙalami, na zango, mota, abinci, yunifom, jarrabawa. Ku tambayi wanne ake mayarwa. Makarantu da yawa suna son sanarwar zango guda kafin a cire yaro, in ba haka ba ku biya zangon. Kada ku sa hannu a abin da ba a karanta muku ba.

Darasi na 6: Takardu

Fasfo, takardar haihuwa, katin rigakafi, sakamakon shekara biyu da suka wuce, da takardar barin tsohuwar makaranta. Ku yi kwafi. Aikin gida: ku cike fom ɗin gwaji da ke bayan wannan littafi, ku kawo in duba akwatin ranar haihuwa.