Darasi Na 9: Gyaran Ƙashin Baya Da Hannu

Jama'a kafin mu fara karatu, kowa ya kai hannu bayan wuyansa ya shafo ƙasa-ƙasa, za ku ji wasu ƙullutai a jere har tsatso. To su ne ƙasusuwan gadon baya, guda 33 ne, 7 a wuya, 12 a daidai ƙirji, 5 a ƙugu, sauran na can ƙasa a manne suke. Tsakaninsu akwai guringuntsi mai taushi kamar matashi, laka kuma ta cikinsu ta bi, ita ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu da ƙafa.

Akwai masu aikin da suka koyi danna waɗannan gaɓoɓin, za a kwantar da kai ta gefe a naɗe maka ƙafa ɗaya, mai gyaran ya dafa kafaɗa da hannu guda ɗayan a ƙugu, sai ya yi wani ɗan gajeren turi da sauri, ka ji ƙas! Wannan sana'a wani mutum Daniel Palmer ne ya kafa ta a Amurka a 1895, ana ce mata kairofiraktik, wasu likitocin gashin ƙashi ma suna yi.

To ina so ku riƙe wannan da kyau, ƙarar nan da ake ji ba ƙashi ne ya goce aka mayar ba. A cikin gaɓa akwai ruwa mai yauƙi, in aka buɗa gaɓar da sauri sai kumfar iska ta taso a ruwan, shi ne ƙarar, irin dai ta matsa yatsa, shi ya sa in ka matsa yatsa sai an ɗan jima kafin ya sake yin ƙara. Sauƙin da mutum ke ji ya fi zuwa ne daga sakin naman da ya ɗaure da kuma lafawar jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo.

Yana da amfani? Eh, ga ciwon ƙugu na yau da kullum yana rage zafi, amma gaskiya bai wuce motsa jiki da gashi ba, kuma yawancin irin wannan ciwon cikin sati 6 yake sauka da kansa in mutum bai lafe a gado ba. Ba ya maganin asma ko hawan jini ko da wani ya ce maka yana yi.

Bayan an yi, jiki kan yi tsami kwana ɗaya ko biyu, wannan ba komai. Inda hankalina yake tashi shi ne wuya, don akwai jijiyoyin jini da suka ratsa ta cikin ƙasusuwan wuya zuwa ƙwaƙwalwa, murɗa mai ƙarfi tana iya tsaga su har a samu shanyewar ɓarin jiki, ba kasafai yake faruwa ba amma in ya faru ba ƙaramin abu ba ne. Mai ƙashi da ya yi rauni saboda tsufa, da mai ciwon daji ko tibi a ƙashin baya, da wanda ya faɗi ko ya yi hatsari kwanan nan, da mai shan maganin tsinka jini, don Allah kar su yarda a danna su.

In kuma ciwon ya zo da mutuwar ƙafa, ko ka daina ji a matsematsi, ko fitsari da bayan gida suna zubowa ba ka iya riƙewa, asibiti za a nufa a ranar, kar a kwana.

Aikin gida: kowa ya rubuta mutum uku da bai kamata a yi musu wannan gyaran ba, ya zo da shi darasi na gaba.