Yadda za ki kai yaro mai ƙiriniya wasan dusar ƙanƙara

Idan kina da yaro irin nawa, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya ko na minti biyar, kada ki yarda a ce ki bar shi wajen kakarsa don za a je ƙasar sanyi. Shawarar da dangi suka yi ta ba ni ke nan a nan Birnin Kebbi, lokacin da ƙanen baban yara, mai karatu a Bursa ta ƙasar Turkiyya, ya ce mu kawo yara su ga dusar ƙanƙara a dutsen Uludag. Ɗana na tsakiya yana da shekara shida a lokacin, kuma likita ya riga ya tabbatar mana yana da lalurar da suke kira ADHD, wato yawan motsi da wahalar tattara hankali wuri ɗaya. Abin da na gani da idona shi ne kan dutsen ya fi ko'ina yi masa daidai, don wuri ne da ake son yaro ya yi ta motsi har ya gaji. Wahalar tana wuraren jira: filin jirgi, ɗakin karɓar kayan haya, sa tufafi, layin hawa. Saboda haka duk shirin da za ki yi, ki yi shi don rage jiran nan.

Kafin biza, kafin tikiti, ki fara da asibiti. Idan a cikin yaranki akwai mai sikila, wannan tafiya ba tasa ba ce sai likitansa ya amince da bakinsa. Sanyi mai tsanani yana tayar da ciwon, haka ma hawa wuri mai tsayi inda iskar shaƙa take raguwa, ga shi kuwa unguwar otal-otal ta Uludag tana kusan mita 1,800 sama da teku, ƙololuwar dutsen kuma mita 2,543. Na biyu, idan mai ƙiriniyar yana shan magani, kada ki dakatar da shi da kanki wai don ana hutu. Ki tambayi likita, ya kuma rubuta miki takarda mai sunan yaron da sunan maganin da adadinsa, ki riƙe maganin a cikin kwalinsa na asali a jakar hannunki. Irin waɗannan magunguna ƙasashe da yawa suna sa musu ido a filin jirgi. Agogon Turkiyya yana gaba da namu da awa biyu, ki tambayi likitan yadda za a daidaita lokacin shan. Inshorar tafiya kuma ki tabbata ta haɗa da raunin wasan ƙanƙara, don ba kowacce ke ɗaukarsa ba.

Ƙanƙara tana sauka sosai daga Disamba zuwa Maris, amma Janairu da Fabrairu sun fi tabbas. Ki kauce wa Asabar da Lahadi, da hutun makarantun Turkiyya na mako biyu da ke faɗowa wajen ƙarshen Janairu, don a lokacin mutanen Istanbul ke kwarara, layi ya yi tsawon da yaronki ba zai jure ba.

Hanya ki yanka ta gunduwa-gunduwa. Daga filin jirgin Birnin Kebbi da ke Ambursa zuwa Abuja, ku kwana. Daga Abuja zuwa Istanbul sama da awa shida ne a sama. Ki nema masa kujerar bakin hanya, ki zauna kusa da shi, kafin a shiga jirgi kuma babansa ya yi ta zagaya da shi a ƙafa har sai an kira na ƙarshe. Daga Istanbul zuwa Bursa akwai bas, akwai jirgin ruwa da ke sauke mutane a Mudanya, garin bakin teku kusa da Bursa, cikin kusan awa biyu. Ni jirgin ruwan na zaɓa, don a cikinsa yaro yana iya tashi ya taka, ya leƙa teku ta gilashi. Daga cikin gari ana hawa dutsen da mota ko da akwatin gilashi mai tafiya a jikin waya, wanda suke kira teleferik, tsawon kusan kilomita 9. A rufe yake ruf, sai dai ana tsayar da shi idan iska ta yi ƙarfi, ki bincika tun da safe kafin ki sa wa yaro rai.

Sanyin can ba hunturunmu ba ne, rigar sanyi guda ba ta yin komai. Hawa uku ake sa wa yaro: ta ciki mai kama jiki wadda ba auduga ba, don auduga tana riƙe gumi ta yi sanyi a jikin fata, ta tsakiya mai gashi-gashi, ta waje wadda ruwa ba ya ratsawa. Biyun farko na same su wajen masu gwanjo a babbar kasuwa da sauƙin kuɗi. Ta waje, da takalman wasan, da allunan zamiya, da hular kwano, duk ana haya a can. Ki kai yaron a gwada masa da yamma, ana gobe za a fara, lokacin da shagon ba cunkoso. Safar hannu ki sayi biyu-biyu, mai ƙiriniya sai ya jiƙa ko ya yar da ɗaya kafin azahar. Rigarsa ta waje ta zama mai kala mai ihu, ruwan lemo ko ja, wadda za ki hango daga nesa, a aljihunta kuma ki sa kati mai sunan masaukinku da lambar waya. Kuma kowa ya shiga bayi kafin a fara sa kaya.

Kada ki ce baƙar fata ba ruwanta da rana. Sabuwar ƙanƙara tana mayar da mafi yawan hasken rana zuwa fuska, tana iya ƙona ido, don haka tabarau na wasan dole ne, da man kare fata, da man leɓe. Abin da ya fi muhimmanci: a fatar yaranmu ba a saurin ganin jan da ke nuna sanyi ya fara cin jiki. Ki riƙa cire safar ki duba yatsu da kunnuwa da kan hanci. In kika ga wuri ya yi toka-toka, ya yi tauri, ko ya ce ba ya jin taɓawa, ku shiga ɗaki nan take, a ɗumama da ruwa mai ɗumi-ɗumi. Ba a murzawa, ba a kangawa a jikin hita. Yaro mai ƙiriniya in wasa ya ɗauke shi ba zai ce miki yana jin sanyi ba, ke ce za ki lura.

Wajen koyo nake so ki kashe kuɗinki. Ajin taro, inda yara da yawa ke tsaye kowa na jiran a zo kansa, ya dace da yayarsa, amma shi kam zai fice daga layi kafin malamin ya juyo. Ki ɗaukar masa malami nasa shi kaɗai, ko da na awa ɗaya ne da safe, ki gaya wa malamin halin yaron ba ɓoye-ɓoye: umarni ɗaya a lokaci guda, gajere, a nuna masa da jiki. Abin da za a fara koya masa shi ne tsayawa, wato haɗa kawunan allunan a gaba a buɗe bayansu. Irin yaran nan ba su da tsoro, gudu kuwa yana zuwa da kansa a kan gangara. Dokar da na kafa masa guda ce, muna maimaita ta kowace safiya: "In malam ya ce tsaya, me za ka yi?" Ya ce, "Zan tsaya, Mama." Sai ya iya tsayawa a inda aka nuna masa sannan ya matsa gaba. Kujerar nan mai lilo a sama da ke kai masu wasa saman gangara, wadda ƙafafu ke reto, ban yarda ya hau ta ba. Ya tsaya a filin masu koyo.

Ku raba aiki ke da maigida tun a masauki, a san wanda idonsa ke kan wannan yaron shi kaɗai, a kuma riƙa musanya, don 'yan'uwansa su ma su samu rabonsu na iyaye. Auta da bai kai shekara huɗu ba, keken zamiya na roba da dunƙula ƙanƙara sun ishe shi. Ki tsayar da wasa tun mai ƙiriniyar bai kai ga rigima ba; alamarsa a gidanmu ita ce ya fara faɗuwa da gangan yana dariya mai ƙarfi. Dabino da gyaɗa a aljihu, ruwan sha ko bai nema ba, abincin rana a kan lokaci.

Bayan kwana biyu na wasa ki ba su hutun yini a cikin gari. Ku yi azahar a Ulu Cami, babban masallacin Bursa mai ƙubba 20 da aka gina a ƙarshen ƙarni na 14, ku ci kebab ɗin Iskender a garin da aka ƙirƙire shi, a kwanta da wuri. Darasi na gaba ki sa a rubuta shi a awar farko ta safe, kafin layi ya taru.