Sauya Ƙotar Bindigar Farauta: Abin da Za Ka Auna Kafin Ka Biya Kuɗi

A Amurka da Turai, inda maharba suka fi riƙe bindigogi masu sakata (ƙarfen da ake ja da hannu a tura harsashi cikin bututu a kulle) irin su Remington 700 da Tikka T3x da Savage 110, ƙota, wato jikin katako ko roba da ke riƙe da ƙarfen bindiga ake jingina shi a kafaɗa, ita ce abin da aka fi saurin sauyawa. Kamfani idan zai sassauta farashi, a kan ƙota yakan rage, ya sa ta roba mai laushi. Gwada taka: kama gaban ƙotar tare da bututun bindigar ka matse da hannu ɗaya. Idan robar ta lanƙwasa ta taɓa bututun, to haka za ta yi duk lokacin da ka ɗora bindigar a kan dutse ko ka ja maratayi da ƙarfi, harsashi kuwa ya sauka inda ba ka nufa ba.

Kafin ka kalli launi ko zane, san uwar ƙarfen bindigarka, wato sashen da sakata da kunama ke zaune. Kowace ƙota an rarake cikinta ne don uwa ɗaya tak, kuma sunan bindiga kaɗai bai isa ba. Remington 700, wadda ta fito a 1962, tana da gajeriyar uwa don harsashi irin .308 Winchester da .243, da doguwa don .30-06 da .270. Tazarar sukurori biyun da ke ɗaure ƙarfe da ƙota inci 6.5 ce a gajeriya, inci 7.35 a doguwa. Savage ta fi rikita mutane: gajeriyar uwarta akwai mai tazarar inci 4.27, akwai mai 4.40, sannan maɓallin cire sakata wani a sama yake, wani a ƙasa gaban kunama. Wannan ɗan bambancin ya isa ya mayar da sabuwar ƙota kayan ajiya. Kwance bindigar ka auna daga tsakiyar ramin sukuru ɗaya zuwa tsakiyar ɗayan. Tikka kuwa tsayin uwarta ɗaya ne, amma harshen ƙarfen da ke tare naushin harbi a cikin ƙota yake zaune, ba a jikin uwa ba, don haka ka tabbata sabuwar ta zo da nata, na ƙarfe.

Sai ƙasan bindiga. A Remington, samfurin ADL ba shi da ƙofa a ƙasa, BDL yana da murfi mai buɗewa, wasu kuma gidan harsashinsu cirewa ake yi. Ramin kowanne daban. Haka kaurin bututu: siririn bututun farauta a cikin faffaɗan kwari, wato ramin gaban ƙota da bututu ke kwanciya a ciki, ba ya cutar da harbi, muni kawai yake da shi, amma kakkauran bututu ba zai shiga siririn kwari ba sai an kankare. Bahago kuma ya nemi ta bahago.

Batun abin da aka yi ƙotar da shi nan ne ake yawan gardama. Katakon walnat ya fi kowanne kyau, sai dai katako yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke. Wanda ya ga yadda ƙofar katako ke cijewa da damina ta saki da hunturu ya san abin da ake nufi. Saitin da ka yi a wata guda ba lallai ya kai wani watan ba. Katako mai hawa-hawa da aka manne da gam, irin na Boyds, ya fi jure yanayi kuma da araha, amma yakan haura kilo ɗaya. Na faiba da na zaren kabon, irin na McMillan da Manners, ba ruwansu da ruwa ko rana, wasu na kabon ba su kai giram 800 ba, kuɗinsu ne dai mai zafi. A tsakiya akwai H-S Precision da Bell and Carlson, masu ƙashin alminiyam a ciki wanda uwar ƙarfe ke zama a kai daram. Ga mafaraucin da ke yini yana tafiya cikin ruwa da rana, wannan na tsakiyar ne ya fi biyan kuɗinsa. Kada kuma sauƙin nauyi ya ruɗe ka: bindiga tana raguwa da nauyi, naushinta a kafaɗa yana ƙaruwa. Mai bindigar .300 Winchester Magnum, harsashi mai ƙarfin naushi, da ya rage rabin kilo zai ji a jikinsa, ya fara runtse ido kafin ya ja kunama.

Abin da aka fi sakaci da shi, alhali shi ne gaba, shi ne dacewa da jikinka. Tazara daga kunama zuwa ƙarshen gindi a yawancin bindigogin kamfani kusan inci 13.5 ce, wato santimita 34. Idan ta yi maka tsawo, gindin zai riƙa sarƙewa a riga lokacin ɗagawa. Idan ta gaza, madubin hange zai iya sarar girarka. Sa tufafin da kake farauta da su ka gwada. Sannan rufe ido, ɗaga bindigar zuwa kafaɗa, kwantar da kunci, ka buɗe. Idan sai ka ɗaga kai kafin ka ga cikin madubi sosai, matashin kuncin ya yi ƙasa. Tsofaffin ƙotoci da yawa don saitin ƙarfe na kan bututu aka yi su, shi ya sa ƙota mai matashin da ake ɗagawa, kamar Magpul Hunter ko GRS ta Norwe, take da amfani na gaske.

Ranar ɗaurawa, fara da cire sakata ka leƙa ka tabbata babu harsashi. Zaunar da uwar ƙarfe, ɗaura sukurorin sama-sama, tsayar da bindigar a kan gindinta ka ɗan buga ƙasa don harshen ƙarfen ya jingina da baya, sannan ka ɗaure na gaba, ka bi da na baya. Yi da sifana mai awon ƙarfin ɗauri, wanda ake aunawa da inci-fam. Katako zalla yakan tsaya wajen inci-fam 30 zuwa 35, mai ƙashin alminiyam 55 zuwa 65, amma adadin da maƙerin ƙotar ya rubuta shi ne hujja. Lura, inci-fam ne, ba ƙafa-fam ba. Na biyun ya ninka na farko sau 12, ya isa ya tsinke sukuru ko ya tsaga katako.

Zura takardar kuɗi tsakanin bututu da ƙota, ka ja ta har gaban uwa. Inda ta cije, naɗa samfefa a jikin sanda mai zagaye ka goge kaɗan-kaɗan, in katako ne ka shafe wurin da fenti don kada danshi ya shiga. Mayar da sakata: idan ta ƙi rufuwa, sau da yawa sukurun gaba ne ya yi tsawo ya leƙo ciki. Gwada makullin kariya sau da dama, bindiga babu harsashi, domin ƙotar da ke goga kunama na iya hana makulli kamawa. In ka ga haka, kada ka ɗora harsashi, kai wa maƙerin bindiga mai lasisi.

Tsohon saitinka ya tafi tare da tsohuwar ƙota. Je filin gwaji, harba biyar a mita 100, bar bututu ya huce, ka sake biyar. Idan ramukan suka jeru sama da ƙasa kamar layi, sake duba awon sukurori da inda bututu ke taɓa ƙota kafin ka taɓa madubi.