Yadda na gyara shawar caji da ta daina fesa ruwa

Shawar tafi-da-gidanka ce, mai ƙaramin famfo da ake caji da wayar USB a jefa cikin bokiti. Da ita muke wanka idan muka kwana a gona lokacin girbi, da ita kuma ake yi wa Baba wanka tun da ƙafarsa ta yi rauni. Sai ta koma gurnani, ruwa na ɗigowa kawai, alhali batir a cike yake.

Na murɗe murfin gindin famfon, sai ga ragar tacewa ta toshe da yashi da ɓurɓushin ciyawa na ruwan rijiya. Tsohon buroshin haƙori ya wanke ta tas. Ramukan kan shawar kuma farin datti ya daskare a cikinsu, na jiƙa shi a ruwan lemun tsami ya kwana, na tsokane kowane rami da allura.

Har yanzu ba ƙarfi, ashe iska ce ta maƙale. Na nutsar da famfon, na kifa shi, na girgiza har kumfa ta fita, sannan na kunna.

Yanzu da ƙyallen atamfa nake tace ruwan, kuma ina kashe famfon kafin bokiti ya ƙafe, domin aiki a bushe yana ƙona injin.