Shawara ga masu shirya gasar ɗan gajeren labari

'Yan uwa marubuta, in za ku sa gasar nan ta rubuta labari cikin minti 30, don Allah kar a fara kafin isha'i, wasu suna can maƙale a gosulo wajen Kawo, wasu kuma suna kicin. Ƙarfe 9 ya fi. A sanar tun da rana kowa ya yi cajin waya saboda halin NEPA, amma jigon kam a ɓoye shi sai lokaci ya yi, in ba haka ba wani zai lallaɓo da tsohon labarinsa. Kalma 300 ta isa. A ƙara minti 5 saboda matsalar netwok, sannan mutum ɗaya ya karɓi labaran ya cire sunaye kafin alƙalai su gani.