Yadda ake tsare jirgin sama daga ɓatan hanya, tun daga filin Yamai

Na'urar tuƙi ba ta gardama. Inda ka ce ta kai ka, can za ta kai ka, ko da yatsanka ne ya zame. Shi ya sa sau da yawa tun a ƙasa ake ƙulla ɓatan hanya, ana cikin loda kaya.

In kai ne matuƙi, fara da gaya wa kwamfuta inda jirgin yake tsaye. Filin Diori Hamani yana kan digiri 13 da minti 29 arewa, digiri 2 da minti 11 gabas. Ka danna yamma a maimakon gabas, a wurin na'ura kana kusa da Wahiguya ta Burkina Faso, fiye da kilomita 450 daga inda tayoyinka suke. Jiragen yanzu kan yi gargaɗi, amma gargaɗi sai an karanta shi. A watan Maris na 2015 wani kaftin na AirAsia X a Sidni ya zo shigar da inda jirginsa yake tsaye, ya rubuta 01519.8 a wurin 15109.8. Na'ura ta ɗauka jirgin yana wani wuri mai nisan kilomita 11,000, tafiyar Kwala Lumfur ta ƙare a Melbon. Saboda haka matuƙi ɗaya ya shigar da lambobi, na biyu ya tantance su daga takardar tsarin tafiya, ba daga bakin abokinsa ba.

Haka za ku yi wa hanya, zango bayan zango, sannan ku dubi jimilla. Yamai zuwa Tawa wajen mil 200 ne na teku a miƙe, ana fuskantar arewa maso gabas, kusan digiri 65. In allo ya nuna 500, kada a tada inji.

Da an bar titin jirgi, duk abin da ya canza a saman allo a faɗe shi da baki, ɗayan ya amsa. Nan ake gane ko na'ura tana bin hanyar da aka zana mata ko tana riƙe da fuska ɗaya kawai. Jirgin Koriya mai lamba 007 haka ya yi ta tafiya a kan fuska ɗaya a 1983, ya kauce da fiye da kilomita 500, ya faɗa sararin Tarayyar Sobiyet, aka harbo shi da mutum 269. Lissafin ba wuya: kaucewar digiri ɗaya, bayan mil 60 ta zama mil guda, kuma ƙaruwa take yi.

Sai ka ɗaga kai ka leƙa waje. Matasan matuƙa kan raina wannan, ni kuwa a ganina ba matakin da ya kai shi arha. A 1989 a Barazil, takardar wani jirgin Varig ta ce 0270, ma'ana digiri 27.0. Kaftin ya sa 270, mataimaki ya kwafa daga wurinsa. Garin Belem yana arewa, su kuwa suka miƙe yamma, rana na faɗuwa a kan hancin jirgi, suka ɓace har mai ya ƙare a dajin Amazon. In ka tashi da la'asar za ka Tawa, rana bayanka take. Ka gan ta gabanka, ko direban motar Dogonduci ya san an yi kwana.

Tsakiyar tafiya ita ce wurin gyangyaɗi, balle da dare in an wuce Agadas, ƙasa baƙi ƙirin, rediyo shiru. Ka ƙirƙiro wa kanka aiki. A kowane zango rubuta lokaci da sauran mai, gwada su da takarda, dubi fuskar zango na gaba a kamfas. In shirun rediyo ya yi tsawo, kai ka kira masu kula da sararin sama na ASECNA, kada ka jira su neme ka. A Oktoban 2009 matuƙan jirgin Northwest biyu sun duƙufa kan kwamfutocinsu na hannu, sama da awa guda ba su amsa kira ba, suka wuce Miniyafolis da mil 150. In barci ya ci ƙarfinka ka faɗa. Inda dokar kamfani ta yarda, ɗaya yakan runtsa na ɗan lokaci bayan an sanar da ma'aikatan da ke kula da fasinjoji, don su riƙa leƙo wanda ke farke.

Wajen sauka, daga ƙafa 10,000 zuwa ƙasa an rufe hira, sai maganar aiki. In an canza muku hanya a ƙurarren lokaci, kada a danna komai sai an ga sabon layin a allo, an yarda da shi ku biyu. A Kali ta Kolombiya, Disamba 1995, harafin R kaɗai matuƙan wani jirgi suka buga suna nufin Rozo, tashar rediyo mai nuna wa jirage hanya, kwamfuta ta kawo Romeo ta wajen Bogota, jirgin ya juya ya daki dutse, mutum 159 suka rasu.

Mu nan akwai wata matsala ta gida: kunyar babba. Yaro yana ganin kuskure ya haɗiye, don kaftin, mai kujerar hagu, ya haife shi. Ba a ce ka yi rashin ladabi ba. "Ranka ya daɗe, abin da ke allona ya saɓa da takarda, mu sake dubawa." In bai ji ba ka maimaita da ƙarfi, ka ambaci lambar. In kuwa lokacin hunturu ne, hazo ya rufe Yamai, kun sauko zuwa tsayin da ake yanke shawarar sauka ko fasawa ba ku ga fitilun titi ba, a ƙara wuta a hau sama, a sake zagayowa.