Yadda za ka zaɓi ƴar tocilar aljihu wadda za ta daɗe maka

Salamu alaikum ƴan uwa. Maganar tocila nake son mu yi, ƴar ƙarama wadda ake sawa aljihu ko jakar hannu, wadda za ka jawo in kuran ya tafi, ko za ka masallaci da asuba, ko ka ji motsi wajen garken awaki cikin dare. Mu nan Tawa ba sai an yi ma kowa dogon bayani ba, duk wanda ya ga yadda aka sha duhu daga watan Ogusta na 2023 lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar ya san darajar haske a aljihu, kuma ko ba wannan ba, da zafin Afrilu da Mayu ya kama kowa tsakar gida yake shimfiɗa tabarma, lokacin ne kuma kunama ke yawo. Wasu za su ce ai akwai fitilar waya. Akwai, amma haskenta kaɗan ne kuma a baje yake ba ya zuwa nesa, sannan tana cinye sharjin da kake bukata don kira, daren da babu kuran kuwa shi ne daren da bai kamata wayarka ta mutu ba.

Abu na farko da nake tambaya in na ɗauki tocila gun mai tebur shi ne mi take ci. Kafin haske, kafin kyan jiki, kafin komai, pil. Don tocila ba ta cika mutuwa ta wajen ƙwai ba, ƙwan LED na yanzu yana shekaru yana aiki, ta wajen pil ko maɓalli take mutuwa.

Akwai masu cin pil na saye, wato AA da ƙanensa AAA, a jikin wasu za ka ga an rubuta R6 ko LR6 don AA, R03 ko LR03 don AAA. Wannan L ɗin da ke gaba yana da ma'ana, shi ke nuna alkalin ne, wanda ya fi daɗewa, wanda babu L kuwa shi ne pil mai arha na yau da kullum da ke saurin sanyi in tocilar na jan wuta da yawa. Tocila mai cin AA tana da amfani guda babba, duk inda ka shiga za ka samu pil, ko kasuwar ƙauye ce ko tasha ko butik ɗin lungu, don haka wanda ke yawan tafiya daji, ko mai zuwa gona ya kwana, ko wanda zai saya ma tsohuwa a ƙauyen da babu kuran babu pano, wallahi ya tsaya nan kawai. Kuma in zaɓi ya zo tsakanin mai cin AA guda da mai cin AAA guda uku a cikin wani ɗan kwando na roba, ni AA guda nake ɗauka, saboda AA ɗaya yana riƙe wuta fiye da ninki biyu na AAA ɗaya, kuɗɗinsu kuma kusan ɗaya ne, ga shi wannan ɗan kwandon shi ne ke fara karyewa ko ya yi tsatsa, in ya lalace kuma tocilar ta tashi aiki ke nan. In kana da hali ka nemi AA masu sharji da ake rubuta NiMH a jikinsu da ɗan abin sharjinsu, ana sake cika su sau ɗaruruwa kuma ba su cika zubar da ruwa cikin tocila ba.

Sai masu batirin litiyom, irin na waya, da ake sharji da USB. Waɗannan su ne suka fi haske kuma in kana da kuran ko pano ko da ƙarami ne a gida, sun fi sauƙin kuɗɗi a kan lokaci don ba ka sayen pil kullum. Amma a nan akwai abin dubawa sosai. Ka buɗe gindinta ka gani ko batirin na fita. In yana fita, galibi za ka tarar da wani dogo mai kama da AA amma ya fi shi kauri, sunansa 18650, lambar kuma girmansa ce, kauri milimita 18 tsawo milimita 65, yana ba da bolt 3.7. Ranar da ya gaji sai ka saka wani, tocilarka na nan. Wadda aka rufe batirinta ruf a ciki kuwa ranar da ya gaji ita ma ta gama, kuma da zafin garin nan batirin litiyom yana gajiya da wuri fiye da yadda yake yi a ƙasashen sanyi.

Ku lura da lambar da ake rubutawa jikin 18650 ɗin nan don Allah. Na kirki da manyan kamfanoni irin su Panasonic da Samsung da LG ke yi, ƙarfinsu yana tsakanin 2500 zuwa 3500 mAh ne, mAh kuwa shi ne ma'aunin yawan wutar da batiri ke riƙewa. In ka ga an rubuta 8800 ko 9900 mAh to ƙarya ce tsagwaronta, batiri mai wannan girman ba ya ɗaukar haka, kuma sau da yawa irinsu ko 1000 ba su kai ba. Hanya mai sauƙi ita ce nauyi, na kirki yana kai wajen giram 45, in ka ɗora shi a tafin hannu za ka ji shi, na bogi kuwa sakayau yake. Wajen bakin sharji ma ka duba, in USB-C ne ya fi, don ya fi ƙwari kuma wayar sharjin wayoyin yanzu za ta yi maka, tsohon ƙaramin bakin nan na micro yana saurin yin sako-sako.

Akwai kuma na roba masu ƙafa biyu da ake turawa kai tsaye cikin bango, suna da arha kuma sun cika gari. Da yawansu ƙaramin batirin dalma ne a ciki, wanda in aka bar shi ya ƙare ƙarƙaf ya kwana biyu haka ba ya sake ɗaukar sharji kamar da. Don ajiyewa ɗaki ba laifi in za ka riƙa cika ta a kai a kai, amma ba ita nake nufi da tocilar aljihu ba.

To yanzu maganar haske. Ana auna shi da lumen, kuma nan ne kwali ya fi ruɗar mutane. Za ka ga ƴar tocila da ba ta wuce yatsa biyu ba an rubuta lumen 50000 ko 100000, mai saye kuma ya ga sifili da yawa ya ce wannan ita ce. Ƙaramar tocila mai ƙwai ɗaya da batiri ɗaya ta kirki tana iya ba da wajen 1000 ko sama kaɗan, kuma ko ita ba ta daɗewa a haka, bayan ƴan mintoci ta yi zafi sai ta rage da kanta. Abin da mutum ke bukata kullum bai kai nan ba ko kusa. Neman takalmi ko magani cikin ɗaki lumen 5 zuwa 10 sun isa, tafiya cikin lungu kana ganin inda kake sa ƙafa 50 zuwa 150, leƙa bayan katangar gida ko hango abu can ƙarshen fili 300 ya yi yawa ma. Saboda haka wadda aka rubuta mata 200 ko 300 na gaskiya ta fi mai dubu ɗari na ƙarya, kuma ni in na ga lamba ta wuce hankali a kwali sai in daina yarda da sauran abin da aka rubuta gaba ɗaya.

Wasu kamfanoni na sa wata alama FL1 a kwali, wani ma'auni ne da aka fito da shi a Amurka a 2009 don kowa ya auna iri ɗaya. Yana da kyau a gan shi amma ka san yadda ake karanta shi, in an ce tana awa 4, ana ƙirgawa ne har lokacin da hasken ya sauko zuwa kashi 10 cikin ɗari na farkonsa, ba wai awa huɗu tana haske kamar yadda ka kunna ta ba. Nisan da ake rubutawa ma, mita kaza, ana auna shi ne zuwa inda hasken ya koma kamar na farin wata, wanda za ka amfana da shi da gaske bai kai haka ba.

Abin da na fi damuwa da shi a kan yawan haske shi ne ƙaramin haske. Tocila ta kasance tana da mataki na ƙasa sosai, don shi ne za ka fi amfani da shi, da shi ne pil guda zai kai ka darare da yawa, kuma da shi mai jego za ta duba jariri ba ta tashi kowa ba, ɗalibi ya yi bita ba takarda ta kashe masa ido ba. Mataki biyu ko uku sun isa. Waɗanda sai ka bi ta ƙarfi, matsakaici, walƙiya-walƙiya, SOS kafin ta mutu suna gajiyar da mutum ƙwarai, kuma wannan walƙiyar ba ta da amfani a aikin gida, sai dai ta ɗauke maka ido a lokacin da kake son gani. Ka danna ka bi matakan duka a gaban mai sayarwa, ka kashe ka sake kunnawa ka ga a wane mataki take tashi.

Masu zum da ake ja kai ya yi gaba ya yi baya suna burge mutane don suna tara haske wuri ɗaya ya tafi nesa. Matsalar ita ce duk jan da ka yi tana shaƙar iska ta ciki, iskarmu kuwa da ƙura take, lokacin hunturu kuma ba a magana, bayan ɗan lokaci sai ka ga gilashin ya yi hazo daga ciki inda hannu ba ya kaiwa, ruwan sama ma ta nan yake shiga. Don aikin kullum wadda kanta ba ya motsi ta fi, mai haske da ɗan ƙarfi a tsakiya da kuma faɗi a gefe, don ka ga gabanka ka kuma ga gefen ƙafarka, mai tafiya gona da damina ya san kububuwa ba a tsakiyar hanya take kwanciya ba. Launin haske ma ka duba, mai shuɗi-shuɗi yana sa ido gajiya kuma a cikin ƙura yana dawo maka fuska, fari mai ɗan ja-ja kamar hasken hantsi ya fi nuna launin abu yadda yake.

In akwai rubutun IP a jiki ko a kwali, lamba ta farko ta ƙura ce ta biyu ta ruwa. IPX4 na nufin ta jure yayyafi da fantsama, IPX7 na nufin ko ta faɗa ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30 ba komai, X ɗin kuma yana nufin ba a gwada ta da ƙura ba. IP67 ta haɗa duka biyun, 6 ɗin shi ne ƙura ba ta shiga sam. In babu rubutu, kwance gindin ka duba ko akwai ɗan zoben roba a wajen murɗin, in akwai to an ɗan yi tunani wajen ƙera ta. Masu USB kuma ka duba ɗan murfin roban bakin sharjin ko yana zama daram.

Jikin alminiyom ya fi roba jure faɗuwa kuma yana fitar da zafin ƙwai, sai dai ba duk mai ƙyalli ne ƙarfe ba, ƙwanƙwasa da farce za ka gane. Maɓallin gindi ya fi sauƙin lalubawa cikin duhu, na gefe kuma yana yawan kunna kansa cikin aljihu, ka ciro ka tarar pil ya ƙare, maganinsa a yawancin na alminiyom shi ne ka ɗan kwance gindin kaɗan in za ka sa ta jaka. Mai ɗan maƙale na aljihu tana da daɗi don za ka iya maƙala ta a hula hannuwanka biyu su samu aiki, masu gyaran moto da masu kabu-kabu sun san amfanin haka.

Kafin ka miƙa kuɗɗi, kunna ta ka girgiza ta sosai ka ɗan buga ta a tafin hannu, in hasken ya yi ƙifta-ƙifta ajiye ta ka ɗauki wata, haɗin cikinta ne ba shi da kyau kuma ba ya gyaruwa da kansa. Ka bar ta a kunne minti biyu ko uku kana ciniki ka ga ko hasken zai faɗi warwas. In mai sharji ce a jona ta ka ga ɗan ƙwan sharjin ya kama. Ka kuma yi magana da mai kayan tun a nan, in ta ƙi cikin kwana biyu zai canza maka ko a'a, shi ya sa saye gun wanda ke da mazauni ya fi saye gun mai yawo.

In ka kai ta gida, kar ka haɗa sabon pil da tsoho ko iri biyu daban, haka ke sa su zubar da ruwa. In za ta daɗe a ajiye cire pil ɗin ka sa gefe. In ya riga ya zubar ka ga farin gari a ciki, alkalin ne, ɗan ruwan lemun tsami a auduga yana cire shi, ka bari ta bushe sarai kafin ka sa sabo, ka kuma wanke hannu. Mai litiyom kar a bar ta cikin mota a rufe da rana ko kan kwano, kar a yi mata sharji ƙarƙashin matashi, kuma 18650 tsirara kar ya shiga aljihu ɗaya da makulli ko sulalla don in suka haɗa kansa da gindinsa yana iya kama wuta. Wanda ya kumbura ko rigarsa ta yage a daina aiki da shi, kuma kar a jefa shi cikin sharar da za a ƙona. Gidan da kunama ta yi yawa kuma, akwai ƴar tocila mai hasken UV irin wadda ake duba takardun kuɗɗi da ita, in ka haska kunama da ita cikin duhu jikinta yana ƙyallin kore-kore ko tana cikin yashi, ana iya ajiye guda don zagaya tsakar gida kafin a shimfiɗa ma yara, sai dai kar a haska ta a idon kowa kuma a ajiye ta inda hannun yara ba ya kaiwa.